Muryar Da Ke Ƙarƙashin Jita

Shafi na 23

Masu yi mini ƙorafi wai na bar Auta tsaye a ƙofar studiyo da memori a hannu, to ga ta nan ta shiga. Mai saurin firgita ya nemi wuri ya zauna tukuna.

*

Injiniya ya karɓi memorin da yatsu biyu, ya hure shi, ya cusa a gefen kwamfuta.

"A ina kika ce kin samo shi?"

"Cikin jakar jitar Baba. Akwai wani ɗan aljihu ta ciki da ya yage, can ya maƙale."

Auta ta zauna a bakin kujera. Tun rasuwar mahaifinsu, wanda kowa ya sani da Mai Jita, buri ɗaya ne ya hana ta sakat: ta fitar da waƙoƙinsa da muryarsa ta ainihi. Waɗanda ke yawo a wayoyin mutane duk sun lalace, in ka kunna sai ka rantse mutum ne ya kifa kai cikin bokiti yana rerawa. Yayanta, mai shagon gyaran waya da loda waƙoƙi, ya sha rantse mata cewa na asalin sun tafi. Wai ya matse su ne don su shige ƙaramar wayar Baba, manyan kuma ya goge saboda kwamfutar shago ta cika.

Ta yarda da shi. Mutum ba ya ƙaryata yayansa a kan mamaci.

"Bari ki fara jin wanda kowa ke da shi," in ji Injiniya.

Ya danna. Muryar da ta saba ji ta fito a daƙushe, jitar tana ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwanon roba.

"Yanzu ga na memorinki."

Ya sake dannawa.

Auta ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

Baba ne. Baba ne sak, kamar ya turo ƙofa ya shigo. Ta ji jan numfashinsa kafin ya buɗe baki. Ta ji yatsunsa suna gogar tsirkiya. Har ɗan gyaran muryar nan da yake yi in ya sha shayi mai zafi, ga shi nan bai je ko'ina ba.

"Wayyo Baba na..."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta toshe baki da gefen mayafi, tana kuka tana dariya, ita kanta ba ta san wanne ya fi yawa ba.

Injiniya kuwa bai taya ta murna ba. Ya tsayar da waƙar, ya yamutsa fuska, ya maida ita baya. Ya ɗauki hedifon ya kifa a kunnuwa. Ya saurara, ya sake maidawa, ya sake saurara.

"Lafiya?" ta tambaya.

Ya sake maida waƙar baya.

"Injiniya, ka yi magana mana. Ya lalace ne?"

"Bai lalace ba. Kyau ne ya yi masa yawa." Ya cire hedifon ya miƙa mata. "Saka wannan. Ki manta da muryar Baba, ki kasa kunne wurin da jita ke tafiya ita kaɗai."

Ta saka. Duniya ta yi tsit.

Jita ta fara. Can ƙasa, ƙarƙashin kiɗan, wani abu ya motsa. Raɗa ce. Raɗar mace, a hankali, kamar mai tsoron kada bango ya ji.

*Ki jira ni bakin hanya...*

Sai muryar Baba ta ɗauka da ƙarfi:

*Ki jira ni bakin hanya!*

Raɗar ta sake zuwa.

*Zan dawo kafin inuwa ta juya...*

Baba ya maimaita, kalma da kalma.

Tsigar jikin Auta ta tashi. Ba amshi ake masa ba. Mai amshi bayan mawaƙi yake zuwa, wannan kuwa gaba take yi yana binta. Ɗora masa baiti ake a baki.

Kuma ta san muryar.

Ita ce muryar da ke tashinta makaranta tun tana ƙarama. Ita ce mai cewa "Auta, sauke tukunyar nan kafin ta kama."

Ta fizge hedifon kamar ya ƙone ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Umma ce!"

"Kin tabbata?"

"Uwata ce fa! Zan kasa gane muryar uwata?"

Ta dafe bango. Umma? Ummar da ko a rediyo aka sako waƙar Baba sai ta tashi ta kashe? Wadda ta taɓa buge mata baki a kicin don kawai ta ji tana rera wannan baitin? A gidan nan kowa ya san Umma da waƙa ba sa ga maciji. Auta ta girma tana jin haushin hakan a ranta, tana ganin Umma ba ta taɓa ɗaukar sana'ar mijinta a bakin komai ba.

Aka banko ƙofa.

Yaya ne, gumi ya jiƙa masa riga, sukudireba na leƙowa daga aljihun gaba. Da ganinsa ka san shago ya bari a buɗe. Ita ce ta kira shi da ɗoki tun tana hanya, ta ce masa ta tsinci memorin Baba.

"Ina yake? Kada ku kunna!"

Idonsa ya sauka kan hedifon da ke lilo a gefen tebur, ya koma kan fuskar ƙanwarsa. Kafaɗunsa suka zube.

"Kin ji ke nan."

"Na ji, Yaya."

"Auta, saurare ni..."

"Ka ce mini wayar Baba ce ƙarama."

"Ƙarama ce mana."

"Ka rantse mini! A gaban hoton Baba ka ce wuri ne babu!"

Ta juya ga Injiniya. "Don Allah ka faɗa mini gaskiya. Matsi irin wannan, don wuri ake yinsa?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Bawan Allah ya zo aikinsa ne, ga shi an jefa shi tsakiyar rigimar gidan da ko hanyarsa bai sani ba.

"Ni dai abin da na sani," ya ce, "in za a rage nauyin waƙa don ta shiga waya, na'ura tana duba sautin da kunne ba ya kamawa sosai, ta zubar. Ƙaramin sauti da ya ɓuya ƙarƙashin babba shi ke fara tafiya. In an rage kaɗan, ba wanda zai lura. In an rage da yawa, sai murya ta fara cinyewa."

"Nasa fa?"

"Nasa ya wuce rage nauyi. An matse, an sake matse wanda aka matse. Ko wayar da ta fi ta Baba ƙanƙanta za ta ɗauki waƙoƙin nan ba tare da an yi musu wannan aika-aika ba."

"Ka ji?" Ta nuna Yaya da yatsa. "Kai ne fa mai koya wa mutane yadda za su adana waƙa kada ta lalace. Kai!"

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa, nan kan kafet, ya haɗa kai da gwiwa.

"Da gangan na yi."

Bai ɗago kai ba ya ci gaba.

"Rufe shago nake in zauna da hedifon. In rage kaɗan, in saurara, ina jinta. In ƙara ragewa, ina jinta. Haka na yi ta sauka, ina sauka, har ta ɓace." Ya ɗago, idanunsa jawur. "Lokacin da muryar Umma ta ɓace, ta Baba ma rabi ta rage. Kina ganin daɗi na ji? Ni ma ɗansa ne, Auta. Da hannuna na shaƙe muryar ubana, na danna goge a kan na asalin. Na kwana biyu ko abinci ba ya wuce mini."

"To don me? Wa ya sa ka?"

"Ni na sa shi."

Su duka suka waiwaya.

Umma ce tsaye a bakin ƙofa, jaka a hammata, mayafinta ya karkace. Matar da ko unguwa za ta sai ta tsaya gaban madubi, yau takalmin wanka ne a ƙafarta.

"Yayanki ya kira ni," ta ce. "Sannu da aiki, Injiniya. Ka yi haƙuri mun cika maka ɗaki."

Injiniya ya miƙe da sauri ya ba ta kujerarsa. Ba ta zauna ba.

"Umma..." Auta ta dube ta. "Ke ce a ciki?"

"Ni ce."

"A dukkansu?"

"Duk waɗanda ya yi bayan ciwonsa."

Auta ta tuna ciwon. Tana 'yar ƙarama lokacin da Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, aka kwashe shi zuwa asibiti. Ya daɗe a kwance. Da ya tashi, kowa ya ce ya warke sarai, har waƙoƙinsa na bayan ciwon suka fi na da karɓuwa.

"Bai warke ba," in ji Umma, kamar ta ji abin da ke ranta. "Murya ta dawo. Yatsu suka dawo. Kalmomi ne suka ƙi. Zai ɗauki jita ya buɗe baki, sai ya tsaya yana kallona. Waƙar da ya yi da kansa, baiti ɗaya ba ya iya riƙewa."

"Amma ai mun ga yana..."

"Kun ga me? Kun taɓa ganin ya hau dandali bayan ciwon? Ya ce likita ya hana shi hayaniya, kuka yarda. A ɗaki yake ɗauka, da 'yar rikodarsa, ƙofa a kulle. In kun tafi makaranta sai in zauna a ƙasa bayan kujerarsa. In faɗa, ya rera."

Auta ta ja da baya. Ta jingina da tebur.

"Sababbin fa? Wa ya tsara su?"

Umma ta kawar da kai.

"Umma, wa ya tsara *Ki jira ni*?"

"Ina wanke-wanke ta zo mini."

"La ilaha illallahu!"

Waƙar da ake sakawa a motocin haya. Waƙar da mutane ke tsayar da Auta a hanya su ce irin kan mahaifinta ba a sake haifa ba. Ashe a bakin famfo aka haife ta, tsakanin kumfa da kwanuka.

"Kika mare ni a kanta," Auta ta ce a hankali. "Ina rerawa kika buge mini baki."

"Ba yadda yake rerawa kika rera ba. Yadda nake raɗa masa kika yi, har inda nake jan numfashi. Na ɗauka laɓe kika yi kika ji mu. Cikina ya ɗuri ruwa, hannuna ya riga hankalina." Umma ta juyo ta dube ta. "Ki yafe mini wannan."

Auta ta sunkuyar da kai. Shekara da shekaru tana riƙe da marin nan a zuciya, tana ƙirga shi cikin laifukan uwarta.

Ta share fuska ta juya ga Injiniya.

"Za ka iya cire raɗar ka bar muryarsa yadda take?"

"Da makirfo daban-daban aka ɗauke su, da tuni na gama. Amma rikoda ɗaya ce, sun cakuɗe da jitar. Zan iya dannewa, sai dai duk mai sifika mai kyau zai ji alamar mutum a wurin. In na bi ta har ta mutu, mun koma gidan jiya, irin na Yayanki."

"Ba wata hanya?"

"Ko muryarsa cikakkiya da Umma a ciki, ko sirri da murya rabi. Ni dai ban ga ta uku ba."

Umma ta miƙo hannu.

"Ba ni."

"Umma, tsaya..."

"Ba ni memorin, Auta."

"Shi ke nan fa ya rage! In ya tafi, jikokinki ba za su taɓa sanin yadda muryar Baba take ba. Kuma waƙoƙinki ne! Ke kika yi! Don me za ki zauna a ƙasa bayan kujera har bayan ransa?"

"Ke kike ganin ƙasa ce. Ni wurin zamana ne, kuma ban taɓa raina shi ba."

"To mene ne abin kunya a ciki? Ciwo ne ya same shi, ba sata ya yi ba."

"Je ki faɗa wa Baffanku haka."

Yaya ya runtse ido. Baffa wan Baba ne, direban babbar mota, mutumin da in ya sami labari da safe, kafin azahar ya kai shi gari uku. Tun suna samari yake jin zafin yadda ake yi da ƙaninsa.

"Bayan an sallamo shi daga asibiti," in ji Umma, "Baffanku ya zo dubiya da abokansa. Ya ce ya rera musu ko baiti ɗaya. Mahaifinku ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Baffanku ya yi dariya ya ce, 'Kai dai an gama da kai, gangar jiki ce ta rage.' Da sababbin waƙoƙin suka fito, ya bi gari yana cewa sayen waƙa ake masa, ba kansa ba ne. Ba wanda ya kula shi, don ba shi da shaida."

Ta matso kusa da Auta.

"Ranar da zai cika, hannuna ya kama. Sunana ma ya ɓace masa a lokacin. Amma ya iya haɗa magana ɗaya. Ya ce, 'Kada Yaya ya ji,' Baffanku yake nufi. Na ce ba zai ji ba. To ki gaya mini, da wace fuska zan sadu da shi?"

Auta ta fashe da kuka. Tana son muryar ubanta kamar ranta, kuma ga uwarta tsaye da takalmin wanka tana roƙonta. Ta daɗe tana kallon kwamfutar. Daga baya ta gyaɗa wa Injiniya kai.

Ya zare memorin ya ajiye a tafin hannunta. Ta ɗora shi a na Umma, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Ka kwafa a kwamfutarka?" Yaya ya tambaya.

"Ban kwafa ba. Daga kansa na kunna."

"Alhamdulillahi." Yaya ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙe yana kakkaɓe wando. "To magana ta mutu a ɗakin nan. Mu huɗu, ba na biyar."

A nan ne wani abu ya faɗo wa Auta.

Kukanta ya tsaya cak.

"Yaya."

"Na'am?"

"Da na tsince shi ɗazu... na fara saka shi a wayata."

"To sai ki goge. Kawo in goge miki."

"Na kunna kaɗan a sifikar waya, a cikin adaidaita. Ban ji raɗar ba, wallahi ban ji ba. Murna ta ɗebe ni..."

"Auta, me kika yi?"

"Na tura *Ki jira ni* a guruf ɗin dangi."

Umma ta dafe ƙirji.

Yaya ya ɗaga hannu da sauri. "Tsaya, Umma, kada hankalinki ya tashi. In ta guruf ne da sauƙi. Waƙa in aka tura ta haka kawai, sau da yawa ana rage mata nauyi a hanya, kuma a sifikar waya za su ji. Ba lallai su kama komai ba." Ya juyo. "Haka kika tura, ko? Yadda ake tura sauti?"

Auta ta girgiza kai.

"A dokumen na tura."

"A me?"

"Kai ka ce in ana son abu ya isa yadda yake, kada ya ragu ko kaɗan, a dokumen ake turawa."

Yaya ya fizge wayar daga hannunta. Har sau biyu yana kuskure lambar buɗewa. Ya shiga guruf ɗin, ya danne saƙon zai goge wa kowa, sai ya tsaya ya duba waɗanda suka riga suka buɗe.

Fuskarsa ta canza.

"Wa?" in ji Umma. "Wa ya buɗe?"

Bai kai ga amsawa ba, waya ta ɗauki ruri a cikin jakar Umma.

Ba wanda ya motsa. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri.

Umma ta ciro ta, ta dubi fuskar wayar, ta dubi 'ya'yanta. Ta danna, ta saka a sifika.

Kafin a yi magana suka fara jin kiɗan. Jitar Baba ce ke tashi daga manyan sifikun mota, garau, ba abin da ya ragu. Ga hayaniyar maza a gefe, wani na cewa a maida baya, a ƙara sauti.

Aka rage kiɗan.

"Matar ƙanina," in ji Baffa, muryarsa fal nishaɗi. "Ina tasha da mutanena, mun kunna abin da Auta ta turo. Sau uku ke nan muna maidawa."

Umma ta damƙe memorin har jijiyoyin hannunta suka fito.

"Kina jina kuwa? Tambaya ɗaya gare ni, kuma a gaban jama'a nake yinta. Wace ce wannan da ke ba wa ƙanina waƙa a baki?"